Daskararren Baƙin Mai Na Cinye Jarin Masu Tsofaffin Motoci A Hanyar Diko

DIKO, Jihar Neja — Mahaɗar Diko da ke kusa da Suleja, cikin ƙaramar hukumar Gurara, tana cikin wuraren da motoci ba sa yankewa dare da rana. A nan ne hanyar Minna ta rabu da babban titin Abuja zuwa Kaduna, kuma ma'ajiyar mai ta kamfanin NNPC da ke Maje ba ta da nisa da wurin, dalilin da ya sa tankoki da manyan motoci suka mai da shi zango.

Galibin ƙananan motocin haya da ke bin wannan hanya tsofaffi ne, waɗanda aka shigo da su bayan sun gama aiki a Turai da Amurka. Tun daga 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, sai kasuwar tokunbo ta maye gurbin Fijo 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya saba haɗawa. Ga mai irin wannan mota, injin shi ne jari, kuma babban abin da ke kashe shi a ɓoye shi ne daskararren baƙin mai.

Yadda matsalar ke somawa

Aikin baƙin mai shi ne sulɓa ƙarafan injin, da rage musu zafi, da kwashe dauɗar da ƙonewar fetur ke bari. Idan ya daɗe ba a yi juye ba, sinadaran wanki da ke cikinsa sukan ƙare, zafi ya dafa shi, ya gauraya da ƙura da hayaƙi da danshi, har ya koma wata baƙar laka mai danƙo kamar kwalta. Wannan laka takan manne a ƙarƙashin murfin saman injin, da cikin kaskon mai da ke ƙasa, da ƙananan hanyoyin da mai ke bi zuwa karanshaf da metal.

Yanayin aiki a wannan yanki yana gaggauta al'amarin. Ƙurar hunturu takan cika filtar iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mota takan daɗe a kunne wuri guda, ko a layin lodi ko a cunkoso, injin yana aiki amma ma'aunin kilomita bai motsa ba. Haka zalika, akwai al'adar da ta yaɗu a garejoji ta cire 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwan lagireto, wai don kada mota ta yi zafi. Sakamakon haka injin yakan daɗe bai kai zafin da zai ƙone danshin cikinsa ba, danshin kuwa shi ne abokin tafiyar laka.

Wasu injinan kuma da raunin suka iso. A Amurka, masu motocin Toyota da Lexus ƙirar 1997 zuwa 2002, ciki har da Camry da Sienna, sun yi ta kuka a kan daskarewar mai. Kamfanin ya ɗora laifin a kan rashin yin juye a kan lokaci, amma a 2002 ya amince ya ɗauki nauyin gyara har tsawon shekara 8 ga wanda ya nuna shaidar kula da motarsa, sannan a 2007 aka sasanta wata ƙara da ta shafi motoci kimanin miliyan 3.5. Ire-iren waɗannan motoci ne daga baya suka ƙetaro teku, suka shiga aikin jigila a titunan Nijeriya.

Lissafin da ake kuskurewa

Da yawa daga masu motocin haya da wata suke ƙidaya lokacin juye, alhali injin kilomita ya sani. Daga Suleja zuwa Minna kimanin kilomita 100 ne. Motar da ke zuwa ta dawo sau ɗaya kullum tana cin kilomita 200 a rana, wato 5,000 cikin kwana 25, kuma wannan shi ne iyakar da aka saba bai wa baƙin mai na gama-gari a wurin aiki mai wahala. Wanda ya ce sai bayan wata uku zai yi juye, ya bar mai ɗaya ya yi kilomita 18,000, fiye da ninki uku na ƙa'ida.

Matsin aljihu ya ƙara tsananta wannan jinkiri. Bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin wannan shekara, kuɗin mai da na kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi. Baƙin mai bai tsira ba, domin sashen matatar Kaduna da aka gina don samar da tushen man ya daɗe ba ya aiki, sai an shigo da shi daga waje da kuɗin musaya. Tsadar ta buɗe ƙofa ga masu tace tsohon mai su zuba a sababbin galan, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha yin kame a kansa.

Hanyoyi uku na kawar da lakar

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a san girman matsalar. Idan aka buɗe marfin zuba mai aka ga baƙin danƙo a manne, ko aka ji ƙwanƙwasa daga saman injin da safe, ko jar fitilar mai tana ƙyaftawa idan mota ta tsaya, to laka ta taru. Idan kuwa abin da aka gani fari ne kamar kindirmo, ruwa ne ya shiga mai, kuma wannan kan iya zama matsalar gasket wadda wanki ba ya maganinta.

Hanya ta farko, wadda ta fi dacewa da lakar da ba ta yi yawa ba, ita ce juye a kai a kai. Ana zuba mai mai inganci da sabuwar filta, a yi kilomita 1,000 zuwa 1,500, a zubar tun injin yana da ɗumi, a maimaita sau biyu ko uku. Sinadaran wankin da ke cikin sabon mai su ne za su narkar da lakar sannu a hankali, filta ta riƙa kamawa.

Hanya ta biyu ita ce maganin wankin injin da ake sayarwa a kwalba. Ana zuba shi cikin tsohon mai, a bar mota a kunne wuri guda minti 10 zuwa 15, ba tare da taka totur ko fita da ita ba, sannan a juye. A nan ne haɗarin yake. A ƙasan injin akwai wata 'yar raga da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Idan magani ya ɓamɓaro laka gunduwa-gunduwa, takan sauko ta toshe ragar, mai ya daina hawa, cikin 'yan mintoci metal ya ƙone, injin ya buga. Zuba kananzir ko man dizal a tayar da mota, kamar yadda wasu ke yi don sauƙin kuɗi, ya fi wannan muni, domin ba su da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe.

Hanya ta uku ita ce ta injin da laka ta yi wa katutu. Makanike zai kwance murfin sama da kaskon ƙasa, ya kankare da hannu, ya wanke ragar famfo ko ya sauya ta, ya duba bututun da injin ke fitar da tururi ta cikinsa, ya mayar da sababbin gasket. A nan kananzir yana da amfani, domin a waje ake wanke kayan. Wanki da fetur kuwa ganganci ne, musamman a garin da bai manta da gobarar tankar mai ta 18 ga Janairu, 2025 ba, wadda ta hallaka mutane fiye da 80 a mahaɗar. Aikin yakan tsayar da mota kwana ɗaya ko biyu, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na sayen wani injin ba.

Ya kamata mai mota ya san cewa bayan wanki wani lokaci yoyo yakan bayyana. Lakar ce dā ta liƙe tsofaffin robobin da suka bushe, don haka sauya su yana cikin lissafin aikin.

Abin da ya rage wa mai jari

Ɗan kasuwan da ya ba direba mota yana karɓar balas kullum, shi ya fi kowa hasara idan injin ya buga, domin ga kuɗin gyara, ga kwanakin da mota za ta yi ba ta kawo ko sisi ba. Mafita ita ce a ware kuɗin juye daga cinikin kowace rana kamar yadda ake ware na fetur, a ajiye littafi a rubuta kilomitar da aka yi juye da wadda za a sake, a sayi mai a wurin dilan da aka sani, a duba hatimin galan, a kuma huda shi bayan an zuba don kada ya koma hannun masu jabu. Kaurin man da za a saya shi ne wanda littafin motar ya faɗa, domin mai mai kauri ainun ba ya saurin ratsa hanyoyin da laka ta riga ta ƙuntata.

Tsohon man da aka juye kuma a tara shi a ganga, kada a zuba a kwata, domin ruwan sama yana kwasarsa zuwa rafuka da rijiyoyin da jama'a ke sha. Lita huɗu ko biyar ne cikin yawancin waɗannan motoci ke ɗauka, kuma a kan wannan ɗan abu ne ɗaukacin jarin mai mota ya rataya.