Ina Idon Kyamara Ya Sauka?

Hoton kakata ɗaya tak nake da shi, wanda na ɗauka da waya a gidanmu na Isa. Dalbejiyar da ke bayanta ta fito tar, har ana iya ƙirga ganyenta, fuskar tsohuwar kuwa dishi-dishi. Ban lura ba sai bayan rasuwarta.

Ba laifin wayar ba ne. Tazara ɗaya kyamara ke kamawa tsaf; abin da ke gabanta ko bayanta yakan dushe sannu a hankali. Buɗe ƙofar haske sosai, kamar f/2, da matsowa kusa, su ke ƙara wannan dushewa. Don haka in mutum za ka ɗauka, taɓa idonsa a allon wayar kafin ka danna. In kuwa fili ne mai faɗi, kamar kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ja da baya, kuma in da babbar kyamara ce, tsuke ƙofar zuwa f/11.

A ƙauyukan Sabon Birni da rashin tsaro ya ɗaiɗaita, hoton waya kan zama abin da ya rage wa iyali. Kada a bar wa na'ura zaɓin fuskar da za a tuna.