Intanet a Gidan Gona: A Auna Fili Kafin a Tafi Kanti

A zamanin nan manoma da yawa ba su rabuwa da wayar hannu. Da ita a kan ji farashin hatsi a kasuwar Dawanau, da ita mai saye ke turo kuɗi, da ita kuma mai gidan kaji ke duba abin da kyamara ta gani da dare. To, amma akwai wani kuka da a kan yawaita ji. Mutum ya sayi akwatin intanet, watau rauta, ya ajiye a ɗaki. Cikin ɗakin yana aiki sarai, amma da an fita zuwa sito ko garke sai sabis ya ɗauke. Daga nan sai mai gona ya koma kanti ya ce a ba shi wanda ya fi ƙarfi, ya zuba kuɗi, ya komo gida ya tarar ba abin da ya sake. Yawanci laifin ba na akwatin ba ne. Don ɗaki aka ƙera shi, ba don fili ba. Wanda ke son intanet ya game gidan gona, ko lambu, ko babban sito, tilas ya fara sanin filinsa tukuna, sa'an nan ya zaɓi na'ura.

Rijiya dabam, magudana dabam

Mai noman rani ya san samun ruwa abu guda ne, kai shi kowane fage kuma wani abu ne. Haka intanet yake. Da fari akwai inda yake shigowa, ko dai ta layin kamfanin waya da a kan sa cikin rauta, ko kuwa ta faifan tauraron ɗan Adam irin na Starlink, wanda ya soma aiki a Nijeriya cikin 2023. Na biyu akwai na'urorin da ke rarraba shi cikin fili, watau Wi-Fi. In rijiya ba ruwa, yawan magudanai ba shi da amfani. Saboda haka kafin a sayi kome, sai a zaga gonar da wayoyi masu layi dabam dabam, a ga kamfanin da sabis ɗinsa ya fi tsayawa, da kuma wurin da ya fi kamawa. A nan ne ya kamata rauta ta zauna.

A auna, a zana

Mai gona ya ɗauki takarda ya zana gidansa: ɗaki, da sito, da gidan kaji, da rijiyar burtsatse, da ƙofar shiga. Sa'an nan ya auna nisan kowanne daga wurin rauta. Lambar da za a riƙe ita ce mita 100, watau kamar yadi 109, ko taku 130 na babban mutum. Tsawon gefe ɗaya ke nan na hekta guda. Wayar intanet ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100 a jere, kuma a fili fetal wajen nan ne wayar hannu kan daina samun sabis mai daɗi daga na'urar waje guda.

Kada a ruɗu da nisan da aka rubuta a jikin kwali. Wi-Fi magana ce tsakanin biyu. Kamar ƙato ne mai babbar murya yana kiran yaro daga ƙetaren gona: yaron yana jinsa, amma shi ba ya jin amsar yaron. Na'ura tana iya ƙarfi, wayar hannu kuwa muryarta ƙarama ce. Shi ya sa a kan ga alamar sabis a waya, amma saƙo ya ƙi tafiya.

Abin da ke tare hanya

Bayan nisa, sai a rubuta abin da ke tsakani. Kwanon rufi yana mayar da sigina baya, don haka rautar da ke ƙarƙashin kwano da ƙyar take leƙowa waje. Katangar ƙasa mai kauri da ta bulo suna cinye shi. Tankin ruwa ma haka. Wanda manoma suka fi mantawa da shi kuwa shi ne ɗanyen ganye, gama ruwan da ke cikinsa yana shanye sigina. Na'urar da aka kafa cikin Fabrairu, gona tana fili, tana iya kasawa cikin Agusta sa'ad da dawa ta fi mutum tsawo, itatuwa kuma suka yi duhu. Mangwaro da darbejiya guda ɗaya sun isa su raba sito da gida. Maganin abin shi ne tsawo. A ɗora na'ura bisa dogon ƙarfe, ta ɗara rufi da amfanin gona, har mai tsaye a wurin aiki ya iya hango ta da ido.

Yawancin na'urori suna aiki a zango biyu, 2.4 da 5, awon da ake kira gigahaz. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi kuma ratsa bango da ganye, amma bai kai ɗayan sauri ba. Na 5 ya fi sauri, amma yana son fili. A nemi mai zango biyun, domin kowanne da ranarsa.

Na'urori iri uku

Ta fari ita ce mai watsawa ko'ina, wadda kan zo da eriya tsaye kamar sanda. A tsakiyar wurin aiki a kan kafa ta, ba a gefe ba. Ta dace da tsakar gida, da farfajiyar sito, da wurin awon hatsi.

Ta biyu ita ce mai saiti, wadda ke jefa sigina gaba ɗaya kamar hasken tocila. Biyu a kan saya, ɗaya a gida, ɗaya a can lambu, suna duban juna. In ba abin da ya gitta tsakaninsu suna iya haɗa wuraren da ke da nisan kilomita da dama. Amma wadda ke can ƙarshe ba ita ce ke ba wayoyin hannu ba. Sai an haɗa mata mai watsawa a gefenta.

Ta uku ita ce masu miƙa wa juna, watau na'urori biyu ko uku kowace tana karɓa daga 'yar'uwarta ba tare da waya ba. Suna da sauƙin kafawa, amma a masu araha kowace miƙawa kan rage sauri wajen rabi. Wanda ya jera huɗu zai tarar ta ƙarshen ba ta da wani abin kirki.

Duk inda za a iya jan waya, waya ta fi. A nemi na'ura mai alamar PoE a kwali, ma'anarta waya guda ce ke kai intanet da wuta tare, ba sai an kai soket bisa ƙarfe ba. Wayar ta zama ta waje, Cat5e ko Cat6, kuma jan ƙarfe zalla, gama akwai ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ke saurin karyewa. A sa ta cikin bututun roba saboda ɓera da gafiya, a binne ƙasa da inda garma ke kaiwa. In nisa ya wuce mita 100, sai wayar gilashi ko na'ura mai saiti.

Ƙura da ruwa da rana

A jikin na'urar waje akwai haruffa IP da lamba biyu. Lambar fari ta ƙura ce, 6 kuwa ita ce ƙarshe, watau ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 5 tana jure feshin ruwa, 7 tana jure nutsewa har zurfin mita ɗaya na minti 30. Ga ƙasar da ke da hunturu da damina mai iska, kada a karɓi ƙasa da IP65. A duba kuma iyakar zafin da take ɗauka. A Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, abin da ke tsaye cikin rana kuwa ya fi haka nesa. Sa rautar ɗaki cikin leda a rataye a waje asarar kuɗi ce, zafi da gumi za su kashe ta.

Wuta da tsawa

Lissafin wuta ba wuya. Na'urar da ke cin wat 10 tana shan 240 a kwana guda. Ita da rauta mai ci kamarta, 480 ke nan. Batir mai volt 12 da lamba 100 yana riƙe da 1,200, amma in na ruwa ne rabi kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan kwana ɗaya da 'yan awoyi zai yi. Faifan sola na wat 100 kan ba da kamar 500 a takarda, ƙasa da haka kuma ranar hadari ko hazo, don haka gara a sayi na 150 ko 200, a riƙa share masa ƙura. Babban faifan Starlink shi kaɗai yana cin wat 50 zuwa 100, sai a yi masa lissafinsa dabam.

Dogon ƙarfe a fili kuwa abin tsoro ne da damina. Lalle a haɗa shi da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa mai laima, a kuma sa abin kare tsawa a kan waya kafin ta shiga ɗaki. Ba sai aradu ta faɗi a kansa ba, ko kusa ta sauka tana iya bin waya ta ƙone rauta da inbata gaba ɗaya.

Ranar ciniki

Mai gona ya tafi kanti da zanensa a hannu. Ya tambaya ko kayan suna da amincewar Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ya karɓi rasit, ya kuma yi sharaɗin mayarwa in ba su kai inda aka ce ba. Ya fara da na'ura guda, ya gwada ta a wurin da ya fi nisa, in son samu ne da damina, kāna ya ƙara wata. Ranar da aka kafa ta a sake kalmar sirrin da ta zo da ita, a kulle da WPA2 ko WPA3, a kuma buɗe wa 'yan ƙwadago da baƙi layinsu dabam. In ba haka ba, kuɗin da aka sa na wata zai ƙare cikin mako, mai gona bai san wanda ya sha ba.