Tushen Damuwa a Tsakanin Ɗaliban Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Gabatarwa

Mutane da dama na ɗauka cewa tsoron haɗari ne kaɗai ke damun mai koyon tuƙin jirgin sama. Wannan maƙala ta duba wasu tushen damuwa da ke cikin tsarin horon kansa, tare da la'akari da yanayin Zariya, inda aka kafa kwalejin horar da matuƙa jiragen sama a shekarar 1964.

Nauyin Aiki a Sama

A lokaci guda ake so ɗalibi ya sarrafa jirgi, ya lura da na'urori, ya kuma saurari umarnin hasumiya cikin Ingilishi. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta raba ƙwarewa a wannan harshe zuwa matakai 6, ta kuma sanya mataki na 4 a matsayin mafi ƙaranci ga matuƙin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Ga ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko, wannan ƙarin nauyi ne. Damuwa 'yar kaɗan takan sa mutum ya mayar da hankali, amma idan ta yi yawa sai tunani ya tsuke, kuskure ya ƙaru. Abin yakan tsananta ranar da malami ya sauka, ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai a karon farko.

Hazo da Kuɗi

Lasisin tuƙi na kasuwanci yana buƙatar sa'o'i 200 a sama, ko 150 a tsararren kwas da hukuma ta amince da shi. Horon farko kuwa ya dogara ne ga abin da ido ke hangowa. Idan hazon hunturu ya lulluɓe sararin Arewa, sai a dakatar da tashi. Hannu yakan yi sanyi, a maimaita darasi, kuɗi su ƙaru, alhali iyaye ko gwamnatin da ta ɗauki nauyin ɗalibin suna jiran sakamako.

Ɓoye Damuwa

Matuƙi ba ya aiki sai da takardar shaidar lafiya, don haka yakan ji tsoron bayyana damuwarsa kada a dakatar da shi. A ranar 24 ga Maris, 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya faɗo da shi da gangan a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka rasu. Bincike ya gano cewa ya ɓoye wa kamfaninsa rashin lafiyarsa. A al'adar Bahaushe, kunya da dauriya halaye ne ababen yabo, sai dai a wannan fage suna iya hana ɗalibi neman taimako a kan lokaci.

Kammalawa

Hazo da tsadar horo ba sa hannun ɗalibi ko malami, amma shirun da ake yi a kan damuwa yana da magani. Ya kamata makarantun horo su samar da hanyar da ɗalibi zai faɗi abin da ke ransa cikin sirri, ba tare da fargabar rasa gurbinsa ba.