Aikin Sa Kai Wurin Jinyar Dabbobi: Ribarsa Ga Saurayi

Ya kai saurayin ƙasar Gwarzo da Kabo, wanda ya gama makaranta ya zauna yana jiran aiki, wannan takarda dominka a ka rubuta ta. Ka sani akwai wata ƙofa ta samun sana'a kusa da kai, watau ka ba da kanka ga taimakon malamin dabbobi ba tare da ka nemi lada ba.

A Ingila akwai gidaje da a ke tara karnuka da kyanwoyin da ba su da mai su. Wani babba yana unguwar Battersea cikin birnin Landan, asalinsa tun shekara ta 1860. Samari su kan je su yi shara, su ba da abinci kyauta, gama makarantun likitan dabbobi na can su kan so ɗalibin da ya riga ya taɓa dabba da hannunsa. Mu a nan, makwafin wannan shi ne asibitin dabbobi, da turken makiyayi, da dandalin allurar rigakafi, da karar shanu ta kasuwa irin ta Getso.

Kada ka raina wannan aiki. Ka tambayi tsofaffi labarin ciwon bushiya, wanda ya kusa ƙare shanun ƙasar Hausa wajen shekara ta 1890, ya kuma sake ɓarna a 1983. Domin yaƙi da shi a ka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924. A Kano a ka yi taro a 1961 a ka shirya yi wa shanun ƙasashe da yawa allura tare. A 2011 a ka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. To, likita shi kaɗai ba ya iya kā da bijimi. Sai da masu riƙe igiya, da masu ɗaukar akwatin magani, da masu ƙirga shanu, sa'an nan aikin ya yiwu.

Ga ribar da za ka samu.

Ta fari, ilmin hannu. Za ka koyi gane shekarun sa ta haƙoransa, gama ya kan sake biyu na gaba wajen shekara 2, bakinsa ya cika da manya 8 wajen shekara 4 zuwa 5. Za ka buɗe fatar idon tunkiya, in ka ga ta yi fari ka san jini ya ragu, watakila tsutsar ciki ce, ko ciwon hanta da a ke ɗauka wurin kiwo a fadama da bakin madatsar ruwa. Za ka rarrabe ciwon huhu da sammore da harbin daji. Za ka san maganin rigakafi ya kan lalace in ya sha zafin rana, saboda haka a ke ajiye shi cikin ƙanƙara. Littafi yana faɗin waɗannan duka, amma gani ya kori ji.

Ta biyu, shaida. Ran da za ka nemi shiga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ko kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom, ko sashen likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, lalle sai da sakamakon jarrabawa mai kyau. Amma in ka shiga, za ka riga abokanka fahimta. In kuwa aiki ka ke nema a gonar kaji ko wurin mai kiwon turke, takardar shaida daga likitan da ya ga aikinka ta fi dogon roƙo.

Ta uku, amana. Makiyayi ba ya sakin dukiyarsa ga baƙon ido. Wanda ya gan ka bara kana wanke gyambon saniyarsa da tausayi, shi zai neme ka bana, ya kuma gaya wa 'yan'uwansa.

Sai ka kiyaye abu uku. Kada ka kira kanka likita, ko ka soka allura ba da iznin malaminka ba, gama maganin da ya wuce kima ya kan kashe. Kada ka feɗe dabbar da ta faɗi farat ɗaya, domin ciwon saifa yana kama mutum. In kare ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ka tafi asibiti a ranar, gama ciwon haukan kare in ya bayyana ba ya jin magani.

To, gobe da safe ka tafi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka yi sallama, ka faɗi bukatarka. Ka yanke ranakun zuwanka, kada ka saɓa. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta kowace dabba da a ka kawo, da alamun ciwonta, da abin da a ka yi mata, da yadda ta ƙare. Bayan shekara guda ka buɗe shi, za ka ga abin da ka tara.

Allah ya sa albarka ga dukiyarmu, ya ba ka sana'a mai amfani, amin.