Tafiyar jirgin sama tsakanin New York da Landan

Hanyar jirgin sama tsakanin New York a Amurka da Landan a Ingila tana ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a saman Tekun Atlantika. Nisan da ke tsakanin filin jirgin John F. Kennedy da na Heathrow ya kai kimanin kilomita 5,550, wato mil 3,450.

Nisa da hanya

Jirgi ba ya miƙewa gabas kamar yadda mai duba taswira zai zata. Da yake duniya ƙwallo ce, hanya mafi kusa tana karkata ta arewa, ta bi gabar gabashin Kanada da tsibirin Newfoundland, ta ƙetare teku, ta shigo ta kan Ayalan. A tsakiyar teku kuwa, cibiyar Gander a Kanada da ta Shanwick a ɓangaren Turai su ne ke tsara layukan da jirage za su bi, kuma ana sauya su kullum gwargwadon yadda iska take.

Lokacin tafiya

Nisan ɗaya ne, amma lokacin ba ɗaya ba. Daga New York zuwa Landan ana ɗaukar kusan awa 7, komawa kuwa kusan awa 8. Dalili shi ne wata iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a tsayin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja ke tafiya. Mai nufin Turai tana tura shi ta baya. Mai nufin Amurka ko dai ya yi gaba da gaba da ita ko ya kewaye ta, kuma ko wanne ya zaɓa sai ya ƙone ƙarin mai. Iskar ta fi ƙarfi da hunturu. A watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya isa Landan cikin awa 4 da minti 56.

Agogo ma yana ruɗar matafiya, domin Landan tana gaban New York da awa 5. Wanda ya tashi ƙarfe 7 na yamma zai sauka wajen ƙarfe 7 na safe, darensa ya gajarce. Wanda ya bar Landan ƙarfe 10 na safe kuwa zai sauka wajen ƙarfe 1 na rana. Tazarar kan koma awa 4 na ɗan lokaci a watan Maris da ƙarshen Oktoba, saboda ƙasashen biyu ba sa sauya agogonsu rana ɗaya.

Tarihi

Kamfanin BOAC ne ya fara jigilar fasinjoji da jirgin jet a wannan hanya, ranar 4 ga Oktoba, 1958, da jirgin Comet 4. Jirgin Concorde, wanda ya fi sauti gudu, ya yi tafiyar cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59 a ranar 7 ga Fabrairu, 1996. An daina amfani da shi a 2003, kuma tun daga nan babu jirgin fasinja da ya kusanci wannan lokaci.