Rumbun Manhaja: Abin da Ke Sauyawa Idan An Sabunta Kwamfutar Makaranta

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ɗakin kwamfuta ya tashi daga matsayin ado a makarantar sakandare. Ɗalibin Karaye ko Rogo da bai saba da na'urar ba kafin ranar jarrabawa, ya shiga ɗakin ne da nakasu, komai ƙwazonsa kuwa. Saboda haka lafiyar waɗannan injina abin damuwa ne ga kowane malami.

A ɗauka wani malami a Rogo ya sami tsofaffin injina 20, ya ɗora musu Debian ko Ubuntu, wato nau'o'i biyu na tsarin Linux da ake samu kyauta, waɗanda kuma tsohon inji ke iya ɗauka. Bayan shekara biyu sabon fitowa ya zo, ya ga ya dace a sabunta. A nan ne abubuwa biyu ke iya kuɓuce masa: adireshin inda injin ke ɗebo manhaja, da kuma gyare-gyaren da shi kansa ya yi da hannunsa.

Da farko, ba a dunƙule tsarin yake ba. An rarraba shi zuwa ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi na ɗauke da manhaja da kuma jerin sauran ƙunshin da ba ta aiki sai da su. Ɗalibin ilmin halittu ba zai yi mamaki ba, don ya san kifin madatsar Challawa ya dogara da ƙananan halittun ruwa, su kuma sun dogara da tsirrai. A cire ɗaya, sauran su jigata. Ana tara ƙunshin a wata babbar kwamfuta a intanet, wadda za a iya kira rumbu. Rumbun Debian 13, wanda ya fito ranar 9 ga Agusta, 2025, yana da ƙunshi sama da 69,000. Manhajar da ke shiga rumbun ta auno abin da ake bukata, tare da duk abin da ya dogara da shi, sunanta APT, kuma Debian ta fara fitowa da ita a 1999, shekara 6 bayan Ian Murdock ya kafa aikin a 1993.

To, yaya APT ke sanin hanyar rumbu? Shekara da shekaru, fayil ɗaya take karantawa, mai suna sources.list. Kowane layi a cikinsa yana faɗin irin kayan, da adireshin rumbu, da sunan fitowar, da kuma sassan rumbun da aka yarda a shiga. Layin gajere ne, amma masu rumbun sukan sake tsarin ɗakunansu. A 2021, da Debian 11 ta fito, an sake yadda ake rubuta sunan sashen da ke kawo gyaran tsaro. Wannan da sauƙi, domin wanda ya bi tsohon salo injin zai yi masa ƙorafi nan take. Na 2023 ya fi haɗari. A Debian 12 an kwashe ƙananan manhajojin da ke tayar da sassan inji, irin su na'urar kama Wi-Fi, aka buɗe musu sabon sashe mai suna non-free-firmware. Wanda ya sabunta bai ƙara wannan suna a layinsa ba, injinsa zai ci gaba da aiki lafiya lau da tsohon abin da ke cikinsa, sai dai gyara ya daina iso wa wannan ɓangare. Ciwon da ba ya nuna alama shi ya fi wuyar sha'ani, a jikin mutum ko a jikin inji.

Sa'an nan sai siffar fayil ɗin kanta ta sauya. Ubuntu 24.04, ta Afrilun 2024, ta koma wani tsari da ake kira deb822, sunan da ya samo asali daga ƙa'idar rubuta kan wasiƙar imel ta 1982. Maimakon a cusa kome a layi ɗaya, kowane bayani ya sami layinsa da sunansa, aka kuma mayar da adireshin wani sabon fayil, ubuntu.sources. Babban amfaninsa yana wajen hatimi. Kowane rumbu yana buga wa jerin kayansa hatimin lissafi, don kada wani ya cusa gurɓataccen kaya a hanya. A da, mabuɗin tantance hatimi da aka shigar sau ɗaya yakan zama abin yarda ga dukkan rumbuna. Yanzu ana ɗaure kowane mabuɗi da rumbunsa. Debian 13 tana karanta tsohon salo da sabo, har ta tanadi umarnin apt modernize-sources mai juya tsohon zuwa sabo. Abin lura shi ne kada malami ya bi tsohon littafi ya sake cika sources.list alhali sabon fayil na nan, don injin zai riƙa kukan cewa an maimaita masa adireshi. Haka kuma Ubuntu takan rufe duk rumbunan da ba nata ba a lokacin sabuntawa, sai mai injin ya sake buɗe su da kansa.

Abu na biyu ya fi ban sha'awa. Kusan kowace manhaja tana da fayil ɗin saiti, inda mai inji ke rubuta yadda yake so ta yi aiki. Idan sabon ƙunshi ya zo da nasa saitin, na wa za a bi? Manhajar dpkg, wadda ke kwance ƙunshi a ƙarƙashin APT, tana da dabara. Ranar da ta ajiye fayil ɗin, takan lissafa wata lamba daga abin da ke cikinsa ta adana, tamkar zanen yatsa. Ko harafi ɗaya aka sauya, lambar za ta bambanta. Ran sabuntawa sai ta gwada. Idan malami bai taɓa fayil ɗin ba, ta musanya shi da sabo ba tare da magana ba. Idan ya taɓa amma masu ƙunshin ba su sake nasu ba, ta bar masa abinsa. Sai idan ɓangarorin biyu duk sun yi sauyi ne take tsayawa ta tambaya.

A wannan tambaya ce mutane da yawa ke danna madanni don kawai a wuce wurin. Yin haka yana barin tsohon fayil, a ajiye sabon a gefe da ƙarin suna .dpkg-dist. In kuwa an zaɓi sabo, tsohon ba ya ɓata, yana nan da ƙarin .dpkg-old. Babu zaɓin da ya fi a kowane hali: tsohon saiti na iya ƙunsar umarnin da sabuwar manhaja ta daina ganewa, sabo kuma zai share wahalar malamin. Tambayar tana ba da damar a ga bambancin fayilolin biyu layi-layi, kuma minti biyar da za a ɓata a kan haka ba asara ba ce. Tsarin Fedora ma yana da makamancin wannan, da ƙarin suna .rpmnew da .rpmsave.

Akwai hanyar kauce wa rigimar tun farko. Manhajoji da yawa, har da APT, suna da jakar da mai inji zai jefa ɗan fayil nasa na daban, wanda ba mallakar kowane ƙunshi ba ne, don haka dpkg ba ta musanya shi. Alal misali, makarantar da ke tattalin kuɗin data tana iya sa apt-cacher-ng a inji ɗaya, ya riƙa adana duk ƙunshin da aka sauko da shi, sauran 19 su ɗiba daga wurinsa. Layin da ke nuna musu wannan inji, a irin wannan jaka ya kamata ya zauna.

Saura batun wuta. Sabuntawar da aka ɗauke wa lantarki a tsakiya takan bar ƙunshi a kwance rabi da rabi, ko da yake umarnin dpkg --configure -a yakan ƙarasa aikin a mafi yawan lokuta. Ya fi kyau a tayar da janareta ko a jira batirin sola ya cika. Ba a kuma tsallake fitowa a Debian: daga 11 sai 12, sa'an nan 13. A fara da inji ɗaya, a bar ɗalibai su yi aiki da shi mako guda, a rubuta duk tambayar da ya yi da amsar da aka ba shi a littafin ɗakin kwamfuta, kafin a taɓa sauran.