Daga Gonar Sunkani Zuwa Bencin Ikko: Abin Da Ke Cin Jijiyar Zuciya

Duk wanda ya daɗe a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya taɓa jin irin wannan labari. Mutum ya yi sallar La'asar lafiya ƙalau, ya koma bakin kayansa, sai ya dafe ƙirji ya faɗi. A ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma sau da yawa cutar ta yi shekara goma ko ashirin tana ɓarna a ɓoye.

Mu ɗauki misalin mutumin Sunkani, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola kusa da Jalingo. A gida manomi ne, kullum yana tafe da ƙafa, fartanya a kafaɗa. Da ya zo Kudu sai zaman benci daga safe har dare, ga shayi mai zaƙi, ga tsire, wani ma har da sigari. Ya yi tumbi, 'yan'uwa su ce ya samu. A shekarun 1960 da 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Badun ba safai suke ganin toshewar jijiyar zuciya ba. Yau kuwa ba baƙuwa ba ce.

Ga yadda abin yake. Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa a cikinta, siririya ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Likitoci suna kiranta endoteliyam. A dā an ɗauka santsi kawai take yi wa jini. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya gwada jijiyar zomo, ya ga in an goge shimfiɗar nan sai jijiyar ta ƙi sakin jiki. Daga baya aka gano wata iska take fitarwa, naitirik okisaid, wadda ke buɗe jijiya, ta kuma hana jini daskarewa. A kan wannan ne shi da wasu masana biyu suka sami lambar Nobel a 1998.

Hawan jini, ciwon sukari, hayaƙin taba da yawan kitse a jini su ne ke raunana shimfiɗar. In ta yi rauni sai kitse ya kutsa ƙarƙashinta ya taru, wurin ya kumbura, a hankali kuma sinadarin kalsiyam ya hau kai ya taurare. Mai shayi ya san farin ɓawon da ke kama cikin butarsa. Kama ce kawai, watau kada wani ya ɗora laifi a kan ruwan rijiya ko nono. Jijiyar ce da kanta take gina abu mai kama da ƙashi a inda ta ji ciwo.

Tun 1990 likita Arthur Agatston ya fito da hanyar auna wannan ɓawo da na'urar hoto ta siti-sikan. Sifili alama ce mai kyau, abin da ya haura 400 kuwa haɗari ne babba. Sai dai hoton yana da tsada, kuma ni a ganina ba shi ne farkon abin da ɗan kasuwa zai nema ba. Ɓawon da ya riga ya kama ba ya narkewa, amma shimfiɗar tana iya farfaɗowa in aka bar taba, aka sauke hawan jini, aka koma tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma magi da kanwa duk suna cikin lissafi. Tafiya kuwa minti 150 a mako.

To, ɗan'uwa, in ka hau gadar ƙafa ta Oshodi ka ji nauyi ya danne maka ƙirji, ko zafi ya sauka hannun hagu ko ya hau haɓa, in ka huta ya lafa, kada ka ce gyambon ciki ne ka sayi ƙwaya a tire. Ka je Asibitin Koyarwa na Idi-Araba ko na Badun. In zafin ya ƙi lafawa, ga zufa, a nemi mota nan take. Wanda kuma ya haura arba'in bai taɓa auna jininsa ba, kada ya jira sai ya je gida Sallah ya biya Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jalingo. Awon minti biyar ne a asibitin unguwa.